Bikin Koren Tufa: Abin Da Ya Kamata Uwa Ta Sani Game Da Ranar Patrick

 

A kowace shekara idan watan Maris ya kai kwana 17, wayoyin yaranmu sukan cika da hotunan wani biki na ƙasashen Turawa. Za ki ga kogi guda ya rikiɗe ya zama kore shar, ga jama'a cincirindo a kan titi sanye da korayen riguna da huluna, ana kaɗe-kaɗe da bushe-bushe. Wannan shi ne bikin da ake kira Ranar Patrick, bikin mutanen ƙasar Ailan. Abin mamaki, mafi yawan masu wannan shagali ba 'yan ƙasar ba ne, da yawansu ma ba su taɓa taka ta ba.

Wata za ta ce, Malama, ina ruwan Bagobirar da ke zaune a Tsamaye ko Isa ko Sabon Birni da bikin wani tsibiri da ke bayan Ingila? Ruwanta biyu ne 'yar'uwa. Na farko, yaro zai gani kuma zai yi tambaya, idan uwa ba ta da amsa to waya za ta amsa masa, kuma ba da irin tarbiyyar da muke so ba. Na biyu, a ƙarƙashin wannan koren tufa akwai labarin wata al'umma da yunwa ta tarwatsa ta a duniya, ta yi ta fafutukar kada 'ya'yanta su manta gida. Mu da muke ganin ƙauyukanmu suna watsewa a yau, wannan labari bai yi mana nisa ba.

Wane Ne Patrick?

Ailan tsibiri ne da ke yamma da Birtaniya, babban birninsa Dablin. Turawan Ingila sun daɗe suna mulkinsa, sai a 1922 mafi yawan tsibirin ya sami 'yancin kansa, yankin arewa kuma ya ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya.

Shi Patrick ɗin da ake yi wa biki ba haifaffen Ailan ba ne. An haife shi a Birtaniya, ya rayu a ƙarni na 5 na Miladiyya, wato tun kafin zuwan Manzon Allah (SAW). Yana da shekara 16 mahara suka faɗa wa garinsu, suka sace shi suka ƙetara teku da shi, aka sayar da shi bawa a Ailan. Shekara shida ya yi yana kiwon dabbobi a daji kafin ya samu ya gudu ya koma wurin iyayensa. Daga baya ya yi karatun addinin Kirista, ya sake komawa ƙasar da aka bautar da shi a matsayin mai wa'azi, a lokacin da yawancin mutanenta ke bin addinin gargajiya. Ana cewa ranar 17 ga Maris ya rasu, shi ya sa mabiya ɗarikar Katolika suka keɓe ta don tunawa da shi, suna ɗaukarsa waliyyinsu kuma majiɓincin ƙasar.

Ashe ke nan asalin ranar ibada ce ta coci. Wannan shi ne abu na farko da uwa za ta riƙe.

Yunwar Da Ta Fitar Da Bikin Duniya

Ranaku irin wannan suna da yawa a kalandar Kiristoci, kuma ba wanda ya san da su sai masu zuwa coci. To me ya sa wannan ta gagara? Amsar ita ce hijira.

Talakawan Ailan sun kasance sun dogara da dankalin Turawa kamar yadda muka dogara da gero. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin, ya riƙa ruɓewa tun yana cikin ƙasa. Haka aka yi ta fama har zuwa 1852. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu saboda yunwa da cututtukan da ke bin bayanta, sama da miliyan ɗaya kuma suka hau jiragen ruwa suka bar ƙasar, alhali a daidai lokacin ana fitar da hatsi da dabbobi daga tsibirin zuwa Ingila. Ƙidayar 1841 ta nuna mutanen tsibirin sun haura miliyan 8. Har yau ɗin nan, bayan shekara fiye da 180, bai sake kai wannan adadi ba. Duk wadda ta ji labarin yunwar Kakalaba ta 1914 daga bakin kakanni, ko farin 1973, ta san abin da ake nufi da rumbu ya ƙare damina da saura.

Waɗanda suka isa Amurka ba su sami tarba mai kyau ba. An raina su saboda talauci da kuma ɗarikarsu, aikin ƙarfi da wankau su ne rabonsu. Sai suka riƙe wannan rana ta zama ranar da za su fito titi su jeru, su nuna yawansu, su tuna wa 'ya'yansu cewa suna da asali. Faretin birnin Niyok ya samo tushe tun 1762, amma bayan yunwar ne ya bunƙasa ya zama taron dubun dubatar jama'a. A can gida Ailan kuwa sai a 1903 aka mayar da ranar hutun gwamnati. Yau Amurkawa fiye da miliyan 30 ne ke cewa suna da jinin Ailan, alhali ƙidayar 2022 ta nuna Jamhuriyar Ailan kanta mutum miliyan 5 ne da 'yan kai. Wato bikin da muke gani a waya bikin 'yan gudun hijira ne da jikokinsu.

Al'adun Ranar Da Ma'anarsu

Launin kore shi ne babbar alama. Ailan ƙasa ce mai yawan ruwan sama, ciyawarta ba ta bushewa, sannan masu gwagwarmayar ƙwatar 'yanci daga Ingila sun ɗauki kore a matsayin tutarsu, musamman tun tawayen 1798. Don haka ga ɗan Ailan kore yana nufin gida da 'yanci. A Amurka har wasa yara ke yi na mintsinin wanda ya zo makaranta ba kore a jikinsa.

Sai wani ɗan tsiro mai ganye uku da suke kira shamrok, wanda ake maƙalawa a ƙirjin riga. Labarin da suke bayarwa shi ne da wannan ganye Patrick ya riƙa yi wa mutane misalin aƙidar Kirista ta uku cikin ɗaya. Ki lura da wannan da kyau uwargida, domin hoton ganyen yana zuwa a jikin rigunan gwanjo da jakunkunan makaranta, kuma ma'anarsa ta ci karo da tauhidin da Suratul Ikhlasi ke koya wa yaranmu tun suna rarrafe.

Akwai kuma labarin cewa shi ne ya kori macizai daga tsibirin. Masana sun ce tatsuniya ce, dama can babu macizai a wurin. Haka shi ma ɗan gajeren mutumin nan mai jan gemu da koriyar hula da ake zanawa, wani ɗan aljani ne na tatsuniyoyinsu, kamar yadda muke da Gizo da Ƙoƙi.

Kogin da ke komawa kore a birnin Shikago yake, kuma tun 1962 ƙungiyar masu aikin famfo ta garin ke zuba masa rini. Shugaban gwamnatin Ailan kuma yakan je fadar shugaban Amurka ya miƙa masa kwanon shamrok. Daga 2010 hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta yi shekaru tana sa a haska manyan gine-ginen duniya da koriyar fitila, don jawo baƙi da kasuwa.

Abinci kuwa, a Ailan naman alade da kabeji ne abincin gargajiyar da aka saba, a Amurka sai suka musanya da naman sa mai gishiri. Sai uwa uba giya. Ranar takan faɗo cikin azumin Kiristoci na kwana 40, sai aka riƙa sassauta hani a cikinta, daga nan shaye-shaye ya sami ƙofa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, daga 1927 an yi sama da shekara talatin doka ta hana sayar da giya a wannan rana a Ailan, saboda girmama ta. Kamfanonin barasa da masu mashaya ne suka yi ta tallata ranar har ta zama a idon baƙi ranar buguwa, abin da su kansu 'yan Ailan da yawa suke kuka da shi.

To ki duba rabon da aka yi. Ɗan ƙasa yana tuna kakanninsa da yunwa ta kora, mai zuwa coci yana tuna mai wa'azinsa, shi kuwa baƙo ɗan kwaikwayo hula da kwalba kawai suka rage masa. Gaskiyar Bahaushe, kayan aro ba ya rufe katara.

Me Ya Haɗa Shi Da Nijeriya?

Dangantakar ta fi yadda muke zato. Limaman Katolika 'yan Ailan sun yi aiki sosai a ƙasar nan, musamman a kudu maso gabas, inda Bishop Joseph Shanahan ya iso a 1902 ya yi ta buɗe makarantu. A ranar 17 ga Maris 1932 aka kafa wata ƙungiyar mishan mai sunan Patrick a Ailan, kuma Nijeriya ce filin aikinta na farko. A Arewa, matan mishan na St. Louis sun iso Kano daga Ailan a 1948, makarantarsu ta 'yan mata ta yaye 'ya'yan Musulmi da dama. Da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, Ailan ta buɗe ofishin jakadancinta a Legas, wanda shi ne na farko da ta buɗe a Afirka. A 1961 kuma shugabannin Katolika suka ayyana Patrick a matsayin majiɓincin Nijeriya a bisa aƙidarsu. Kamfanin giyar Guinness, wanda asalinsa na Dablin ne, shi ma ya kafa masana'anta a Ikeja a 1962.

Wannan ne dalilin da ya sa idan kika yi tafiya za ki ga makarantu da coci-coci an rubuta St. Patrick a allonsu, kuma za ki haɗu da mai sayar da magani ko ɗan bautar ƙasa mai suna Patrick, ko ma'aikaciyar jinya mai suna Patricia. Ga maƙwabtanmu Katolika ranar ibada ce, su tafi coci su dawo, ba ruwan yawancinsu da rina kogi.

Ina Matsayin Musulma?

Addininmu bai bar mu cikin duhu ba. Ya tabbata a hadisin Anas (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna da ranaku biyu na wasa tun zamanin jahiliyya, sai ya sanar da su cewa Allah Ya musanya masu da waɗanda suka fi alheri, wato ƙaramar Sallah da babbar Sallah. Saboda haka bikin da tushensa girmama waliyyin wani addini ne, alamarsa aƙidar uku ce, adonsa kuma giya, ba namu ba ne, ba ma sa ankonsa, ba ma tura yaranmu.

Amma ƙin shiga daban, raini da jahilci daban. Aya ta 13 a Suratul Hujurati ta nuna mana hikimar yin mu ƙabilu da al'ummomi ita ce mu san juna, aya ta 8 a Suratul Mumtahana kuma ta halatta kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba. Akwai kyakkyawan misali a tarihin wannan yunwa ta Ailan. A 1847 Sarkin Musulmi na Daular Usmaniyya, Sultan Abdulmajid, ya aika masu da gudummawar fam 1,000 daga Istanbul. Bai yi bikinsu ba, bai karɓi aƙidarsu ba, amma ya ji tausayin mai jin yunwa, kuma har gobe 'yan Ailan suna ambaton wannan alheri. Su ma da yunwa ta faɗa wa yankin Biyafara lokacin yaƙin basasa, a 1968 suka kafa ƙungiyar agaji ta Concern, wadda daga baya ta yi aikin yaƙi da tamowar yara a yankin Tawa na Jamhuriyar Nijar. Wanda ya san zafin yunwa shi ke tausaya wa mai jin ta.

A yau akwai Musulmi sama da 80,000 a Ailan bisa ƙidayar 2022, cikinsu har da 'yan Nijeriya. Iyaye mata a can kowace shekara suna fama da wannan tambaya a ƙofar makaranta, mu kuma ta fara iso mana ta waya.

Abin Da Suka Riƙe Da Abin Da Ya Kuɓuce Masu

A nan ne nake son mu tsaya mu yi nazari. 'Yan Ailan sun yi nasara wajen sa duniya ta san launinsu da kiɗansu. Amma akwai abin da ya suɓuce masu, shi ne harshe. Suna da yarensu na asali, kuma talakawan karkara da yunwa ta fi kashewa da kora su ne suka fi jin sa. Iyayen da suka rage sai suka ga Turanci ne zai ciyar da ɗa a baƙuwar ƙasa, suka daina yi wa yara magana da harshen gida. Yau ƙidayar 2022 ta nuna mutum kimanin 72,000 ne kacal ke magana da shi kullum a wajen makaranta. Har makonni biyu ake keɓewa kafin Ranar Patrick ana roƙon mutane su yi magana da harshen kakanninsu. Bajimin ɗan Amurka zai sa kore tun daga hula har takalmi, amma ko gaisuwa ba zai iya da harshen kakarsa ba.

Mu Gobirawa mun san watsewa tun ba yau ba. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 mutanenmu sun bazu, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu suka biyo Ɗan Halima suka kafa Sabon Birni a tsakiyar ƙarni na 19. Turawa suka zo suka ja iyaka tsakanin wa da ƙane, amma zumunci bai yanke ba. To ga shi tun 2019 ta'addancin 'yan bindiga ya sake tayar da dubun dubatar mutanen gabashin Sakkwato da maƙwabta, wasu suna Gidan Rumji da sauran garuruwan jihar Maraɗi, wasu suna raɓe a kangaye a cikin birnin Sakkwato. Ga kuma mazajenmu da samarinmu da cin rani ya kai Legas da Ibadan da Fatakwal, wasu sun ɗauki iyali sun zauna.

Akwai yaran da aka haifa a gudun hijira, yanzu sun isa shiga makaranta, ba su taɓa ganin gonar ubansu ba. Tambayar ita ce, me waɗannan yara za su riƙe? Idan sunan gari da tsagen fuskar kaka kawai suka sani, to mun bar masu koren tufa ke nan. Hausa ba ta fuskantar mutuwa kamar harshen Ailan, amma a gida ɗaya tana iya mutuwa, kuma mun ga jikokin Hausawa a kurmi da ƙasashen waje da ba su iya mayar da gaisuwa. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne yaro ya tashi ba allo, ba Islamiyya, bai san danginsa ba, bai san kunya da kara ba.

Aikin Da Ke Gaban Uwa

Da farko, idan yaro ya nuna maki hoton bikin, kada ki ƙwace waya da tsawa, kada kuma ki ce ba ki sani ba ki wuce. Zaunar da shi ki gaya masa na su wane ne, me ya kawo shi, da dalilin da ya sa mu ba ma yi. Yaron da aka ba hujja ya fi wanda aka ba tsoro tsayuwa idan ya bar gabanki.

Na biyu, ki raya Sallah a gidanki ko da hali ya yi tsanani. Ba sai da sabon ɗinki mai tsada ba. Wanki da guga, lalle da kitso, tuwon Sallah ko yaya yake, zuwa idi, da kai yara gaida manya, su ne ke zama a zuciyar yaro har tsufansa. Yaron da ya ƙoshi da bikin gidansu ba ya leƙen na maƙwabta. Idan kina da hali, ki tuna da 'yan gudun hijirar da ke unguwarku, ki sa 'ya'yansu cikin naki a wannan rana.

Na uku, ki ba yara labarin asalinsu. Ki faɗa masu sunan ƙauyenku da na kakanninsu, da inda gona take, da wanda kuke wasan taubasantaka da shi. Su san Bawa Jangwarzo, su san Shehu Usmanu da ya tashi a Degel cikin ƙasar Gobir, su san 'yarsa Nana Asma'u da jajis ɗinta da suka riƙa bin ƙauyuka suna karantar da mata a lokacin da yaƙi ya ɗaiɗaita gidaje. Idan dare ya yi a ajiye waya a yi tatsuniya.

Na huɗu, duk inda hijira ta kai ki, kafin ki nemi kasuwa nemi makarantar allo ko Islamiyya. Idan babu, ku haɗu ku mata biyar ko shida, wadda ta fi karatu ta riƙa biya wa yara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na ƙarshe, ki koya masu mutunta maƙwabci. Idan Patricia ta wuce za ta coci ranar 17 ga Maris, gaisuwar mutunci da aka saba ita ce tsakaninku, idan ba ta da lafiya a duba ta, idan an yi girki a miƙa mata. Kowa ya tsaya a kan addininsa, zaman lafiya kuma ya fi zama ɗan sarki.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da Arewa baki ɗaya, Ya mayar da kowane ɗan gudun hijira gidansa cikin aminci, Ya shirya mana zuri'a bisa tafarkin Manzonsa (SAW).